Darasi na Tara: Zamanin Udoji da Iyakar Wadata

Gabatarwa

Wannan darasi zai duba wadatar da ta biyo bayan yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970), da inda ta tsaya, da sawun da ta bari a bakin Hausawa.

Bunƙasar Arziki

Tsakanin 1973 da 1974 farashin gangar man fetur ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa wajen dala 12, kuɗi suka kwararo baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashi tare da ariyas, bisa shawarar kwamitin Jerome Udoji. Nan take kasuwa ta buɗe: rediyo da babur da kwanon rufi suka yawaita, har a garuruwan manoma irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan. A wannan shekara ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna.

Iyakar Wadatar

Amma albashi aka ƙara, ba amfanin gona ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975, don haka manomin rake ko dawa, wanda bai karɓi Udoji ba, ya sayi kaya da tsadar da Udoji ya jawo. Matasa suka ajiye fartanya suka nufi Zariya da Kaduna da Kano neman aikin lebura. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa, ƙasa ta koma sayo shinkafa daga waje. Da kasuwar mai ta karye, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sannan tsarin SAP ya biyo baya a 1986.

Tasiri a Harshe

Sunan Udoji ya tashi daga sunan yanka ya zama sunan gama-gari mai nufin kuɗin da suka faɗo bagatatan. Wannan misali ne na aro da faɗaɗa ma'ana.

Kammalawa

Wadatar ta tsaya ga saye, ba ta kai ga samarwa ba. Shi ya sa ba ta ɗore ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa manomi bai ci moriyar Udoji ba?
2. Tattauna da dattawan garinku, ka tattaro kalmomi biyar na wancan zamani tare da ma'anoninsu.