Ni Ne Yaron da Ke Cikin Hoton Nan?

Malam Sani daga Maraɗi ya rubuto yana cewa: "Na ga hotona na firamare, kunnuwa fato-fato, na kasa gane kaina. Anya ni ne kuwa?"

To Malam Sani, masana falsafa sun daɗe suna wannan muhawara. A 1694, John Locke na Ingila ya ce tunawa ce ke ɗaure mutum da jiyansa. Tunawa, ba jiki ba. Sai Thomas Reid na Sikotlan ya ja da shi: tsohon da ya manta ƙuruciyarsa fa, ya zama wani ke nan?

A ganina Reid ya fi gaskiya. Ba ka tuna ranar sunanka, amma ai kai aka yanka wa ragon. Kai ne, Malam Sani. A adana hoton.