Ƙyama da Lafiyar Matashi: Darasi Daga Binciken da Aka Yi a Amurka

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗalibai suna ɗauka cewa zagi da wariya a zuciya kawai suke tsayawa, ba su taɓa jiki. Ilmin halittu ya nuna ba haka abin yake ba. A wannan darasi za mu duba yadda ƙyama take yi wa jiki illa, ta hanyar binciken da aka yi a Amurka a kan matasan da ake kira LGBT, wato masu sha'awar jinsinsu, da masu sha'awar jinsi biyu, da masu jin cewa jinsinsu ya saɓa da wanda aka haife su da shi. Ba hukuncin addini ko na doka muke tattaunawa ba, wannan yana da masanansa. Tambayarmu ita ce: me yake faruwa ga yaron da aka tsangwama a makaranta, aka kuma juya masa baya a gida?

Yadda jiki yake karɓar barazana

Idan mutum ya ji tsoro, wani sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas yakan aika saƙo har ya isa ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle biyu da ke saman ƙoda. Su kuma sai su zuba sinadaran adirenalin da kotisol a cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan tsari yana da amfani idan barazanar ta ɗan lokaci ce. Amma idan ta zama ta kullum, kotisol yakan dagula barci, ya raunana garkuwar jiki, ya kuma taɓa hifokamfus, sashen da ke taimakawa wajen riƙe karatu.

A 2003, Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun sa mutane wasan jifan ƙwallo a kwamfuta, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Da aka daina jefa musu ƙwallon da gangan, sai aka ga wani sashen da ke aiki lokacin zafin ciwo ya motsa. Ashe wariya ma ciwo ce.

A gida

A 2009, Caitlin Ryan ta Jami'ar Jiha da ke San Faransisko ta wallafa binciken da ta yi a kan matasa 224 masu shekaru 21 zuwa 25, dukkansu masu sha'awar jinsinsu ko jinsi biyu. An tambaye su yadda iyayensu suka bi da su a lokacin balaga. Waɗanda suka sha tsananin ƙyama sun ninka waɗanda ba su sha ba sau 8.4 a yiwuwar yunƙurin kashe kai, sau 5.9 a matsananciyar damuwa, sau 3.4 a shan miyagun ƙwayoyi. Mai karatu ya lura: ɓangarorin biyu halinsu ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne yadda gida ya riƙe su.

A makaranta

A 2011, Mark Hatzenbuehler ya nazarci bayanan ɗaliban sakandare fiye da 31,000 a Jihar Oregon. Kashi 21.5 cikin ɗari na irin waɗannan matasa sun ce sun yi yunƙurin kashe kansu a cikin shekarar da ta gabaci binciken, alhali a sauran ɗalibai kashi 4.2 ne. Ya kuma gano cewa haɗarin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari a yankunan da ba su da kariya, kamar makarantun da ba su da dokar hana cin zali. Wani abin lura shi ne, inda aka samu kariyar, har sauran ɗalibai sun amfana.

Irin wannan bincike ba ya tabbatar da sanadi kai tsaye, domin dangantaka yake nunawa, kuma ya dogara ga abin da matasan suka faɗa. Duk da haka, sakamakonsa ya dace da abin da muka sani game da kotisol.

Kammalawa

Alƙaluman na Amurka ne, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. A makarantunmu ma akan laƙaba wa yaro suna "ɗan daudu" don kawai siririyar muryarsa ko tafiyarsa, aji ya kwashe da dariya, malami ya kau da kai. Yaron nan zai zauna a aji zuciyarsa na bugawa, darasi kuwa ba zai shiga ba. Malami ba ya bukatar sauya aƙidarsa kafin ya hana zagi, ya lura da ɗalibin da ya yi shiru ko ya fara fashi, ya kuma saurare shi a keɓe. Idan yaro ya ambaci kashe kansa, a kai shi ga likita ba tare da jinkiri ba. Ɗa na kowa ne, kuma amanarsa tana wuyan wanda aka damƙa wa.

Tambayoyin bita

1. Wace illa kotisol yake yi idan ya daɗe da yawa a jini?
2. Mene ne bambancin dangantaka da sanadi a bincike?