Yadda Ake Sa Rubutu Ya Yi Launi Ya Kuma Ƙyafta a Allon Kwamfuta

Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, na rubuta wani ɗan shiri na lissafi domin 'yan ajina. Yaro ya buga amsa, kwamfuta ta ce masa "Daidai" ko "Kuskure". Amma da yake duka farin rubutu ne a kan baƙin allo, sai na ga yaran suna wuce kuskurensu ba su ko lura ba. To, wannan shi ya sa na nemi dabarar da zan bayyana muku.

Allon nan da muke buga umarni a kansa yana da wani harafi wanda ba ya fitowa a gani, lambarsa 27. In allo ya gamu da shi, sai ya san abin da ke biye umarni ne, ba rubutu ba. Ƙa'idar tsohuwa ce, an tsara ta a Turai a 1976, kana na'urar VT100 ta kamfanin DEC a Amurka ta yaɗa ta daga 1978.

Ga misali cikin harshen Python:

print("\033[31mKuskure\033[0m")

Wannan 033 shi ne 27, an rubuta shi da ƙidayar takwas-takwas. Lamba 31 tana nufin ja, harafin m kuwa shi ke rufe umarnin. Launuka takwas ne, daga 30 zuwa 37: baƙi 30, kore 32, rawaya 33, shuɗi 34, fari 37. In bayan rubutun kake so ka rina, ƙara goma, watau 41 ya ba ka jan fili. Lamba 1 tana ƙara wa harafi kauri, 5 kuwa ita ke sa shi ƙyaftawa. Kana iya haɗa su, kamar haka: \033[5;31m.

Ku lura da sifirin nan na ƙarshe, domin shi ya kunyata ni. Aikinsa ya mayar da allo yadda yake da. Ran farko na manta da shi, yaro ɗaya ya yi kuskure, daga nan kome ya koma ja, har da "Daidai". Wata yarinya da ta ci tambaya huɗu a jere ta fashe da kuka, tana tsammani duk ta faɗi, malamin da ya zo duba ni kuwa yana zaune a baya yana rubutu.

Game da ƙyaftawa, ni dai ban cika sonta ba. Waɗansu alluna na zamani ba su kula da lamba 5 sam, saboda haka gwada a kan kwamfutar da za ka koyar da ita tun kafin yara su shigo. Inda ta yi aiki kuma, takan gajiyar da ido ta ɗauke hankalin aji. Yanzu kalma ɗaya tak nake bari ta ƙyafta, ita ce "Lokaci ya ƙare", kuma ban fid da kalmomin "Daidai" da "Kuskure" ba, gama akwai yaran da ba su iya bambanta ja da kore.