Darasin Wannan Mako: Shokabsoba, Abin da Ke Riƙe Tayar Babur a Ƙasa

Yawancinmu mun ɗauka aikin shokabsoba shi ne kawai ya sa mu ji daɗin zama idan babur ya faɗa rami. Babban aikinsa ya wuce haka: shi ne ke sa taya ta zauna a kan titi. Tayar da ta tashi sama ko da na ƙiftawar ido ne ba ta jin birki, kuma ba ta shan kwana. Shi ya sa masu tseren babur, irin na gasar MotoGP da ke gudun fiye da kilomita 350 a awa, suke ɓata lokaci sosai a kan saita shi.

Me ke cikinsa?

Abu biyu ne. Na farko sifirin, wanda ke ɗaukar nauyi. Wani masanin Ingila mai suna Robert Hooke ya bayyana a 1678 cewa gwargwadon nauyin da aka ɗora wa sifirin, gwargwadon matsewar da zai yi. Amma sifirin shi kaɗai zai yi ta tsalle ne ba tsayawa. Saboda haka akwai abu na biyu: wani bututu cike da mai, da fistin mai ƙananan huda a ciki. Idan taya ta motsa, fistin yana tura man ta cikin hudar nan da ƙyar. Wannan ke kashe tsallen, ƙarfin motsin kuma ya koma zafi.

Awon farko ga sabon ɗan tsere

Kafin a taɓa komai, ana auna yadda babur ke nutsewa idan mai shi ya hau. Aikin na mutum uku ne.

1. A ɗaga bayan babur har taya ta bar ƙasa. A auna daga tsakiyar taya zuwa wata alama da aka yi a jikin babur, daidai samanta.
2. A sauke shi. Mai babur ya hau da hular kwano da duk kayan tserensa, wani ya riƙe masa. A sake aunawa.
3. A cire awo na biyu daga na farko.

Misali, idan na farko milimita 600 ne, na biyu 570, to nutsewar milimita 30 ce. Ga babur na filin tsere, an saba neman tsakanin 25 zuwa 35. Idan ta yi yawa, a ƙara matse sifirin da zoben da ke jikinsa. Idan ta yi kaɗan, a sassauta. Haka ake yi wa gaba ma.

Ku lura: matse zoben ba ya ƙara wa sifirin tauri. Tsayin zaman babur kawai yake canzawa. Idan an matse har ƙarshe amma babur na nutsewa da yawa, sifirin ɗin ne ya yi wa mai babur laushi, sai a canza shi.

Dannuwa da dawowa

Baburan tsere suna da ƙananan sukurori biyu. Ɗaya na saita saurin dannuwa, ɗaya na saita saurin dawowa. Idan dawowa ta yi sauri, babur zai riƙa tutsu kamar jaki. Idan ta yi jinkiri, shok ba zai gama miƙewa ba kafin gargada ta gaba, sai ya yi ta ƙanƙancewa har taya ta rasa riƙo. Dokar ita ce: a canza abu ɗaya tak, a zagaya fili, a rubuta abin da aka ji a littafi. Wanda ya murɗa komai lokaci guda ba zai san wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba.

Kulawa

A goge bututun gaba bayan kowace fita, domin ƙura da yashi suna cin robar da ke tare mai. Idan aka ga mai yana tsiyaya, a kai wa bakanike nan take, don yana iya gangarowa kan birki. A duba iskar taya kafin taya ta ɗauki zafi. Babur mai shok biyu a baya, dole su kasance a mataki ɗaya.

Ina ruwanmu?

Ba mu isa tsere ba, kuma titi ba filin tsere ba ne. Amma da yawa daga cikinmu a kan babur muke zuwa makaranta. Idan aka ɗora mutum huɗu, sifirin ya riga ya matse kusan ƙarshe tun kafin a tashi, ba abin da ya rage masa na karɓar rami. Gobe kafin ka hau, dubi shok ɗin. In ka ga ya jiƙe da mai, faɗa wa mai babur cikin ladabi.

Tambayar mako: awon farko milimita 585, na biyu 540. Nawa ce nutsewar, kuma matsewa za a yi ko sassautawa? A ba sakataren kulob amsa kafin ranar Juma'a.