Salsalar Zane: Darasi Daga Wani Hoton Gonar Ingila

A ƙarni na 18, masu kuɗin Ingila sun fi son a zana musu fuskokinsu da a zana musu daji ko gona. Wannan ya dami Thomas Gainsborough, wanda aka haifa a garin Sudbury a 1727, ya rasu a 1788. Zuciyarsa tana ga itatuwa da shanu da gajimare, amma abincinsa yana ga fuskokin attajirai. Da yawa daga zane-zanensa na ƙasa ba su sami mai saye ba har ya mutu.

Wajen shekarar 1750 ya sami dabarar haɗa biyun. Ya zana wani mai gona, Robert Andrews, da matarsa Frances, waɗanda suka yi aure a 1748. Mijin yana tsaye da bindiga, karensa a gefe, matar tana zaune a gindin wani babban itace. Amma su biyun suna gefe guda ne kawai. Fiye da rabin zanen gonarsu ce: alkama da aka girbe aka ɗaure dami-dami, tumaki can nesa, da sama mai hadari. A cinyar matar akwai wani wuri da bai gama ba, har yau masana suna muhawara a kan abin da ya yi niyyar sa wa a wurin.

Zanen ya zauna a gidan zuriyar Andrews shekara ɗari biyu. Sai a 1927 aka fito da shi aka nuna wa jama'a a garin Ipswich. A 1960 wani daga zuriyarsu ya kai shi gidan gwanjon Sotheby's a Landan, aka sayar da shi fam 130,000, ya koma gidan adana zane-zane na ƙasa, wato National Gallery.

Me ya sa masu saye ba su yi shakkarsa ba? Saboda salsalarsa. Salsalar zane ita ce jerin hannayen da ya bi, tun daga mai zanen har zuwa mai sayarwa. Ana bin ta cikin wasiyya, da rasit, da littafin kayan gida, da takardun gwanjon da suka wuce, da lambobi da tambarin da ake samu a bayan zanen. Wannan kuwa hannun iyali guda ya bi, babu giɓi.

In aka sami giɓi, sai tambayoyi su taso. Ko na jabu ne? Ko wani almajiri ne ya zana? Ɗan 'yar'uwar Gainsborough, mai suna Gainsborough Dupont, ya yi aiki tare da shi shekaru da dama, ya kuma ƙware a salonsa. Ko kuwa kayan sata ne? Gidajen gwanjo suna duba shekarun 1933 zuwa 1945 da kyau, domin a lokacin 'yan Nazi sun ƙwace dukiyar mutane da yawa a Turai. Shakka ɗaya tana iya karya farashi ƙwarai.

Mu ɗalibai da malamai, abin lura a nan shi ne, ido kaɗai ba ya isa hukunci. Kafin mu karɓi wani labari ko wata takarda, mu tambayi inda ta fito, da hannun wanda ta biyo. Mu kuma riƙa rubuta suna da kwanan wata a bayan hotunanmu na gida, domin na baya su sami abin bi.