Wasa Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

Jama'a, da yawanmu mun ɗauka cewa da zarar mutum ya ajiye iyali, to shi da wasa sai dai kallo. Kakanninmu ba haka suka ɗauke shi ba. Wasan da ake nufi a nan shi ne wanda babu alƙali, babu kofi, babu kuɗi: a fara don an ga dama, a tashi in an gaji.

A dubi dara. Bayan an kai amfanin gona gida, dattawa kan tona gurabu a ƙasa a gindin bishiya, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Wanda ya ci bai tafi gida da ko anini ba. Amma a wannan zama talaka yakan cinye mai unguwa ya yi masa dariya, abin da ba zai yiwu a ƙofar fada ba, kuma mutum biyu da suka yi cacar baki kan iyakar gona sukan koma gaisawa ba tare da an kira su sulhu ba. Haka wasan barkwanci yake tsakanin Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, taubashi da taubashiya, jika da kaka. Maganar da za ta jawo faɗa in baƙo ya faɗe ta, abokin wasa zai faɗe ta a kwashe da dariya, kuma saƙon ya isa. Ganin amfanin wannan ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya barkwancin jama'ar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2014. Tun a 1938 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya rubuta littafi yana kafa hujja cewa wasa ya girmi al'ada kanta.

Wani zai ce ai wannan zaman banza ne, magidanci ba shi da lokacinsa. To, mu lura: wanda ya yini a kasuwa da fushin ciniki, in bai sauke shi a majalisa ba, kan matarsa da 'ya'yansa zai sauke. Wani kuma zai ce girma ya hana. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Wa ya kai shi girma?

Ƙorafin da ke da ƙarfi shi ne na caca, kuma gaskiya ne dara da karta sun kai wasu ga tsiya. Sai dai ranar da aka ajiye kuɗi a gefen gurbi, wasa ya mutu, nema ya shigo, domin mai tsoron asara ba ya hutawa kuma ba ya yafe wa abokinsa. Haka nan wasan da ladan ya kira salla aka ƙi tashi, ko aka bar gida babu cefane saboda shi. Laifin na mai wasan ne, kuma 'yan majalisarsa ne suka fi cancanta su tashe shi.