Kuɗin akuya, tiya nawa ke nan?

Magidanci ba ya cin kuɗi. Hatsi yake ci, shi da iyalinsa. Saboda haka in an saida akuya, ba jikka nawa aka samu ya kamata a tambaya ba. Tiya nawa ta hatsi kuɗin za su saya?

Ga misali. Buhun hatsi mai kilo 100 yana cin tiya 40. In buhu yana jikka 10, tiya guda dala 50 ke nan. Wanda ya saida akuyarsa jikka 15 zai auni tiya 60. Gidan da ke cin tiya 2 a yini ya samu cimakar wata guda cur. In buhu ya hau jikka 30, tiya ta koma dala 150. Akuyar nan dai tiya 20 kawai za ta kawo, cimakar kwana 10. Akuya ba ta rame ba, kuɗin ma ba su ragu ba. Ƙarfinsu ne ya ragu.

Haka ta faru a 2005. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna. Amma ba wannan kaɗai ya kawo tsadar ba. A arewacin Najeriya ma hatsi ya yi tsada, kuma ɗan kasuwa inda riba take nan yake kai kayansa. Hatsin da aka saba shigowa da shi daga can bai zo kamar da ba. Kafin sabon hatsi ya nuna, buhu ya kai wajen jikka 30 a wasu kasuwanni. Abin takaici, akwai hatsi jibge a kasuwar Maraɗi, talaka yana gani, ba shi da abin saye. Kowa ya kora bisashe kasuwa a lokaci guda, sai kuɗinsu ya faɗi. Mutane da yawa sun bar gonakinsu sun tafi ƙwadago a gonar wani. Damana ta gaba ma gonarsu ba ta samu noma sosai ba. Ta nan talauci ke kama gida, ya ƙi saki.

Kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa a ɗaure suke da na Najeriya. Raguna da shanu da wake suna bi ta Jibiya, Maigatari da Illela. Farashin da aka yanka a kasuwar hatsi ta Dawanau, a Kano, ba ya daɗewa sai an ji shi a kasuwar ƙauye.

Sai maganar naira. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ita kuwa naira hawa take tana sauka. Ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa ƙwarai a 2023. In naira ta faɗi, mai sayen raguna daga Kano sai ya tara naira da yawa kafin ya samu sefa kaɗan. Sai ya rage tayi. Ɗan cirani ma ya aiko da kuɗin guminsa, a kai wa ɗan canji, su zama ba yawa. Gaskiya ne kayan Najeriya, kamar sabulu da atamfa, kan yi sauƙi a lokacin. Mai albashi ya ji daɗi. Amma baƙauye sai ya saida tukuna yake saye.

Rufe iyaka shi ma haka ne. Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta kuma rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Kaya ba su daina wucewa ba, ta daji suka bi, kuma kuɗin wahalar hanya a kan mai saye yake ƙarewa.

Baƙauye ba shi da iko da naira, balle iyaka. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin sayarwa. Hatsin da aka saida da arha da kaka, shi ake sake saye da tsada da damana. Don haka ne garuruwa da yawa suka kafa bankin cimaka: a saya da kaka, a ajiye, a saida wa ƴan gari da rahusa in rumbu ya yi ƙasa.

Aikin lissafi a wurin karatu: akuya ta faɗi zuwa jikka 9, tiya tana dala 150. Tiya nawa mai akuya zai auna? Kwana nawa za su kai gidan da ke cin tiya 2 a yini?